Gurbin Mara Lafiya

Asusun Lafiya na Direbobin Gaɓar Kogi ba ya biyan kuɗin gyaran aure. Dalilinsa yana rubuce a shafi na goma sha ɗaya na littafin ƙa'idojinsa, cewa aure ba cuta ba ne. Da alama wanda ya tsara wannan shafi bai taɓa leƙa kicin ɗin Nélida Barrios a unguwar Echesortu ba, inda faranti ya wuce ta gefen kunnenta wata Alhamis da yamma, ya fashe a jikin firji, 'yarta Lucila mai shekara tara tana zaune a tebur tana aikin makaranta.

Bayan kwana goma sha biyu da fashewar farantin, Nélida da mijinta Osvaldo Paglione, direban bas, suka tsaya gaban teburin sakatariyar Likita Wainer. Nélida ce ta nemi su zo, shi kuma bai yi gardama ba, domin a birnin Rosario ba wanda ke jin kunyar zuwa wurin likitar tunani. Abin kunyar shi ne a ji mutum ya biya daga aljihunsa alhali yana da katin Asusun.

Sakatariyar, wata mai jan gashi da ake kira Mabel, ta karɓi katin ta juya shi, ta zaro fom, ta tambaya ba tare da ta ɗaga kai ba: “Waye mara lafiyar?”

Nélida ta ce ba wanda ba shi da lafiya, sun zo ne su biyu a kan zamansu.

“Na sani, 'yar'uwa, duk wanda ya shigo nan haka yake faɗa. Amma dubi fom ɗin. Gurbi ɗaya ne. A sa sunan mutum ɗaya, a sa masa lambar cuta, ɗayan kuma ya zama ɗan rakiya. In ba haka ba ko sisi ba za su mayar muku ba. Ku zaɓa, akwai mutane a bayanku.”

Osvaldo ya yi gyaran murya. Ya tuna wa matarsa, cikin taushin da ta kwana biyu ba ta ji daga bakinsa ba, cewa duk shekara ana yi wa direbobi gwajin jiki da na ƙwaƙwalwa kafin a sabunta musu lasisi. In aka ga lamba a gefen sunansa, sun rabu da bas, in sun rabu da bas sun rabu da katin, da hayar gida, da komai. Ita kuwa ɗinki take yi a gida, keken ɗinki bai taɓa tambayar kowa takardar likita ba.

“Takarda ce kawai, Neli,” in ji shi.

“Kowa haka yake yi,” in ji Mabel. “Yawanci matan ne ke sa sunansu.”

Nélida ta karɓi biro. Ta rubuta sunanta a gurbin da kyakkyawan rubutun da take rubuta awon masu kawo ɗinki, har ta ja masa layi a ƙasa. A ranta ta ɗauka ta yi wa gidanta wata ƙaramar hidima ce, irin ta ɗinke maɓalli.

Tsarin biyan ma mai sauƙi ne, ga wanda ba shi ke biya ba. Duk Talata da ƙarfe huɗu Nélida ke miƙa wa Mabel ambulan ɗauke da kuɗin ɗinkinta, Mabel ta ba da rasit. Rasit ɗin na Osvaldo ne, domin shi ne mai katin, ita da Lucila a ƙarƙashinsa suke. Shi ke haɗa takardun a wani koren fayil ya kai ofishin Asusun, kuma abin da aka mayar, cikin asusunsa na banki yake faɗawa. Nélida ba ta taɓa tambayar inda yake zuwa daga nan ba. Ba don kuɗi ta zo ba.

Osvaldo ya halarci zama uku. A na farko ya yi bayanin cunkoson titin Pellegrini. A na biyu ya ce shi mutum ne mai zafi amma mai saurin hucewa. A na uku likitar ta tambaye shi abin da ya ji a ransa lokacin da farantin ya bar hannunsa, sai ya dubi agogo. Mako na gaba ya sanar cewa an mai da shi aikin yamma, ba laifinsa ba ne, a tambayi kamfani. Amma tunda Asusun ya fi biya da kauri idan zaman na iyali ne, Mabel ta samo mafita irin wadda ake samowa a kowane ofishi: ranar ɗaya ga wata Osvaldo ya biyo da safe, ya sa hannu a takardar halarta sau huɗu, Talata huɗu, ya wuce. Daga nan, a takarda, bai sake fashin zama ko ɗaya ba. Nélida kuwa ta ci gaba da zama ita kaɗai a gefe ɗaya na doguwar kujera, tana gyaran aure da hannu ɗaya.

Ba za a ce zaman bai amfane ta ba. Likita Wainer mace ce mai haƙuri, mai iya sauraro, kuma a ɗakinta ne Nélida ta fara jin muryarta tana faɗin jimla har ƙarshe ba a katse ta ba. Matsalar ita ce Asusun zama goma yake amincewa da shi a lokaci guda. Wanda ke son wasu goman sai likita ta rubuta rahoto, kuma Asusun bai taɓa ƙara wa wanda ya samu sauƙi ko zama ɗaya ba. Saboda haka a watan Maris takarda ta ce Nélida tana da damuwa mai sauƙi. A watan Mayu, lokacin da ta fara barci sosai har ta karɓi ɗinkin rigunan amare biyu, takarda ta ce damuwar ta ƙaru. A watan Agusta, da ta fara dariya da maƙwabciyarta ta kan katanga, takarda ta ce matsananciyar damuwa ce mai hana mai ita gudanar da harkokin gida. Kowane rahoto kwafi biyu ne: ɗaya na Asusun, ɗaya na mai kati. Na mai kati yana shiga koren fayil.

Nélida ba ta karanta ko ɗaya ba. A teburin surukarta ta fara jin labarin ciwonta.

Duk Lahadi ana cin taliya a gidan Doña Ítala, mahaifiyar Osvaldo, tsohuwa mai ƙaramin jiki da babbar murya. Bayan abinci ita ke zuba mate, shayin ganyen da ake zuƙa da bututu, ƙoƙo ɗaya yana zagaya tebur daga hannu zuwa hannu, yadda ya yi shekara goma sha biyar yana zagayawa tun shigowar Nélida gidan. Wata Lahadi a watan Yuni ƙoƙon ya tashi daga hannun Osvaldo, ya tsallake ta, ya sauka a hannun ƙanwarsa. A gabanta aka ajiye kofi da ruwan ganyen kwantar da hankali.

“Mate yana tayar da jijiya, 'yar nan,” in ji Doña Ítala. “Sha wannan. Don lafiyarki ne.”

Nélida ta yi dariya ta ce lafiyarta ƙalau. Aka dubi juna. Ƙanwar Osvaldo ta shafa mata hannu ta ce haka ake so, a riƙa ƙarfafa zuciya. Da ta tashi za ta yanka burodi, tsohuwar ta zare wuƙar daga hannunta a hankali, tana murmushi, ta ce ta huta.

A hanyar gida ta tambayi Osvaldo abin da ya gaya musu.

“Ni? Ba abin da na faɗa. Tsohuwa ta ga fayil a mota ta buɗe. Zan hana uwata karatu ne?”

Daga wannan rana Osvaldo ya daina jifa da faranti, domin ya samu abin da ya fi faranti sauƙin ɗauka. In ta ce ya yi alkawarin biyan kuɗin gas bai biya ba, sai ya ce ba a yi haka ba, ta tuna wa likita wannan mantuwar tata. In ta ɗaga murya, sai ya sassauta tasa, ya ce wa Lucila ta shiga ɗaki, Mama ba ta jin daɗi yau. In ta yi shiru, shirun ma alama ce. Maƙwabta suka fara yaba haƙurinsa. Mai kantin kusurwa ya daina ba ta labarin siyasa, ya koma tambayarta ya jiki. Uwar ɗaya daga cikin amaren ta aiko a karɓi yadin, wai sun samu wata tela kusa da gida.

Abin da ya fi ci mata rai ba ya cikin waɗannan. Wata safiya tana yi wa Lucila kitso biyu na makaranta, yarinyar ta dube ta ta madubi ta tambaya ko ciwon nata ana ɗauka, domin Nona, kakarta, ta ce kada ta riƙa wahalar da Mama da surutu. Nélida ta ƙarasa kitson, ta ɗaure ribbon, ta raka ta bakin ƙofa. Sai da yarinyar ta sha kwana sannan ta lura tsinin matajin ya huda mata tafin hannu.

A makon farko na Satumba ta je ɗaukar Lucila daga makaranta da ƙarfe biyar kamar kullum, aka ce ta shiga ofishin shugaba. Shugabar ta ba ta kujera da ruwa, ta yi mata magana a hankali, kalma ɗaya ɗaya, yadda ake yi wa wanda bai iya yaren ba. Mahaifin yarinyar ya zo da safe, ya kawo rahoton likita. Bisa buƙatarsa, daga yau shi ko kakar yarinyar ne kaɗai za su riƙa ɗaukarta. Kakar ta riga ta zo ta tafi da ita.

Nélida ta ce ita ce uwarta. Shugabar ta ce ba wanda ya musanta. Ta juyo mata da takardar ta nuna layin da aka ja wa jan biro: mai hana mai ita gudanar da harkokin gida.

“Mu ba likitoci ba ne, Señora. Takarda muka gani, da hatimi.”

A gida ta tarar an kwashe kayan makarantar Lucila, da bargonta, da 'yar tsanar zomon da take kwana da ita. Osvaldo ya yi bayani yana cire takalmi: na ɗan lokaci ne, har ta warware. Gidan Tsohuwa ya fi kusa da makaranta. Ya kuma yi magana da wani lauya abokin ƙaninsa, ba don komai ba, don dai ya san matsayinsa, kuma lauyan ya ce da irin waɗannan rahotanni uku ba alƙalin da zai bar yarinya a hannun uwa in abu ya kai ga haka. Shi dai ba ya fatan ya kai.

“Kai ka ce takarda ce kawai.”

“Ni na rubuta? Likitarki ce ta rubuta. Ke kika zaɓe ta, ke kika sa hannu. Ni direba ne, Neli, me na sani a kan ƙwaƙwalwa?”

Ranar Talata ta je wurin Likita Wainer ba ambulan a hannunta. Ba ta zauna a doguwar kujerar ba. Ta nemi a karanta mata rahotannin uku, aka karanta, likitar tana gyara tabarau a kowane layi. Sannan ta nemi ta rubuta takarda ɗaya mai cewa ba gaskiya ba ne.

Likitar ta yi dogon bayani, kuma ba duka ne ƙarya ba. Ta ce da yaren da Asusun ke biya take rubutu, ba da yaren da take tunani ba. Da ta rubuta cewa Nélida mace ce lafiyayya da ke zaune da mutum mai jifa da faranti, da an yanke zaman tun watan Mayu, kuma a lokacin Nélida tana buƙatarsa. Duk abokan aikinta haka suke yi. Ba ta taɓa zaton rahoton zai fita daga ofishin Asusun ba. Tana iya kiran makarantar ta yi musu magana ta baki. Amma ta rubuta da hannunta cewa ta ƙara gishiri a rahoto uku, wannan kam tamkar ta miƙa lasisinta ne, kuma tana da mutum talatin da ke dogare da ita.

“Shi yana tsoron lasisinsa, ke kina tsoron naki,” in ji Nélida. “Ni da ba ni da lasisi sai aka ɗauki 'yata. To, Likita, na gode da sauraro. Kin koya mini in ƙarasa maganata, zan je in ƙarasa ta.”

Kwana biyu ta yi ba ta taɓa keke ba. Ta yi tunanin zuwa gidan Doña Ítala ta fasa ƙofa, sai ta hango yadda hakan zai zauna daram a rahoto na huɗu. Ta lura cewa duk wanda ta je wurinsa yana da dalilin son takardar ta ci gaba da zama gaskiya. A rana ta uku, tana neman awon wata mata a cikin tarin takardun da take sokewa a ƙusa kusa da keke, ta juya ɗaya daga ciki. Nélida ba ta sayen littafin awo. Duk mako Osvaldo yana manna jadawalin aikinsa a jikin firji, in makon ya wuce ta cire ta rubuta ƙugu da kafaɗa a bayansa. A hannunta kuwa ga na makon biyu ga Yuni: Paglione, Talata, ƙarfe biyu zuwa goma na dare, da hatimin kamfani.

Ta zare su duka daga ƙusar, ta jera a kan teburin yanka. Ashirin da uku. Sai kuma ta tuna cewa a duk faɗin Rosario akwai wuri ɗaya da ba a son kowa ya kasance mara lafiya.

Ofishin Asusun yana buɗewa ƙarfe takwas, layi kuwa yana farawa tun bakwai. Nélida ta ciri lamba sittin da huɗu, ta zauna tsakanin wani tsoho da aka ƙi biya wa tabarau da wata mata da ke neman a amince wa mijinta da aikin gwiwa tun kafin bikin Ista. Da aka kira ta, ta gaya wa yarinyar da ke taga cewa ta zo ne a soke mata biya. Yarinyar ta sa ta maimaita. Ta ce ba su da fom na wannan, ta tashi ta kira wani.

Wanda ya fito shi ne Señor Ledesma na sashen bincike, siririn mutum mai rigar sanyi ruwan toka, wanda aikinsa shekara ashirin da shida shi ne gano dalilin da zai sa kada a biya. Ya shigar da ita wani ɗaki mai cike da fayil, ya saurare ta da fuskar wanda ya saba jin roƙo. A hankali fuskar ta canja. Ta ajiye masa jadawalin ashirin da uku a jere, ta nemi ya ɗauko takardun halarta ya ajiye a gefensu. Ya ɗauko. Ya bi da yatsa, Talata bayan Talata, yana leƙa bayan kowace takarda inda aka rubuta ƙugu tamanin da takwas, hannu hamsin da bakwai.

“Wato mijinki yana tuƙa bas a titin Mendoza, kuma a daidai lokacin yana zaune yana gyaran aure a titin Córdoba.”

“Mutum ne mai ƙoƙari,” in ji Nélida.

Señor Ledesma bai yi dariya ba, amma ya cire tabarau ya goge. Ya ce wajibinsa ne ya faɗa mata abin da take jawowa. Za a dakatar da zaman. Za a nemi mai kati ya mayar da duk abin da aka biya shi. Za a tambayi kamfani, za a tambayi likitar. Ita ma ta sa hannu a waɗannan takardu, kada ta manta. Kuma tunda tana cewa ba ta da ciwon da aka rubuta, dole likitan Asusun ya duba ta, abin da ya faɗa kuma shi ne ƙarshe.

“Sa hannuna ne kaɗai gaskiya a takardar nan, Señor, domin ni na je, duk Talata, da kuɗin ɗinkina. Likitanku kuma, yaushe yake zama?”

Ya dube ta ta saman tabarau. Ya ce mutane kan yi kuka in aka ce za a tura su wurinsa.

“Na ji labarinsa a layi. An ce bai taɓa ganin mara lafiya ba. Shi nake so.”

Likitan Asusun ya duba ta ranar Litinin, cikin minti goma sha biyu, wanda a wurinsa dogon bincike ne. Ya tambaye ta kwanan wata, ya tambayi ko tana barci, tana cin abinci, tana aiki. Ya tambayi abin da ke damunta, ta ce an ɗauke mata 'ya. Ya ce wannan ba ya cikin jerin cututtukan da ake biya. Ya buga hatimi da ƙarfin mutumin da ke jin daɗin aikinsa.

Asusun da kan ɗauki wata huɗu kafin ya biya ya ɗauki kwana goma sha ɗaya kafin ya ƙi. Nélida ta koma ta karɓi kwafin wasiƙar da hannunta, ta karanta a tsaye a tsakiyar zauren. Bayan binciken likitan Asusun, an tabbatar cewa mai wannan suna ba ta ɗauke da cutar da aka ambata, ko wata makamanciyarta. Rahotannin Maris, Mayu da Agusta ba su da tushe. An soke biyan gaba ɗaya. Ana neman mai kati ya bayyana cikin kwana biyar game da sa hannu ashirin da uku. Hatimi biyu ne a ƙasa, ɗaya ma zagayayye. Matar mai neman aikin gwiwa, wadda har yanzu tana nan, ta leƙo ta ga jan rubutun ƙin biya, ta ce mata sannu, Allah ya isar mata, haka suke yi wa kowa. Nélida ta rungume ta. Mai gadi ya ce shekararsa tara a ƙofar nan, bai taɓa ganin wanda aka ƙi ya fita yana gyara gashi ba.

Makaranta ta fara zuwa. Shugabar ta karanta sau biyu, ta ƙirga hatiman, ta ga sun fi na wancan yawa, ta ce su dama ba likitoci ba ne. Wannan ranar Juma'a ce, kuma an riga an tashi. Nélida ta jira Lahadi.

Ta isa gidan Doña Ítala bayan an gama cin taliya, mate yana zagaye. Osvaldo yana zaune fuska a murtuke, domin tasa wasiƙar ta riga ta same shi, kamfani ma ya kira shi. Lucila ta taso da gudu, kakar ta riƙe mata hannu.

“'Yar nan, da kin kira tukuna. Yau kin sha maganin—” in ji tsohuwar.

Nélida ta ajiye wasiƙar a tsakiyar tebur, kusa da kwanon cuku, ta ce kwafi ne, suna iya ɓata shi da miya, tana da wasu shida. Ƙanwar Osvaldo ta ɗauka ta karanta a bayyane, muryarta tana raguwa layi bayan layi.

“Kin san abin da kika yi?” in ji Osvaldo. “Kin san nawa suke nema? Kin kashe mu, Neli. In suka kore ni, wa zai ba ku kati, ke da yarinyar? Wannan ai aikin mahaukaciya ne.”

“Karanta layi na biyu, Osvaldo. Da hatimi.”

Doña Ítala ta ce abin gida a gida ake gyara shi, ba a kai wa baƙi a ofis. Nélida ta ce gaskiya ne, shi ya sa ta yi mamakin ganin rahotonta a makaranta. Ƙoƙon yana hannun tsohuwar, cike, an zuba wa Osvaldo. Nélida ta miƙa hannu ta ɗauke shi. Ta sha a tsaye, ba gaggawa, har bututun ya yi ƙarar da ke nuna ruwa ya ƙare, kowa yana kallonta. Ta ajiye shi a kan wasiƙar. Sannan ta ce wa Lucila ta ɗauko zomonta da jakar makaranta, sauran kayan a aiko.

Ba wanda ya tare ƙofa. Da me za a tare? Koren fayil ɗin yana kan kujera, kuma tun ranar Juma'a ya koma abin da aka ce shi ne tun farko: takarda kawai.

Kada a ɗauka ta ci riba. Katin ya tafi, auren ya bi shi, kuma ɗaki biyun da ta kama a bayan gidan yayarta yana yoyo ta kusurwa ɗaya. An ja wa Likita Wainer kunne a rubuce, ta ci gaba da aiki. An dakatar da Osvaldo wata ɗaya, yana biya kaɗan kaɗan, yana kuma gaya wa fasinjojin da suka saba da shi cewa ya yi iya ƙoƙarinsa da matar, har wurin likita ya kai ta. Asusun bai canja shafi na goma sha ɗaya ba. Ya dai ƙara wani fom da ke hana sa hannun wata guda a rana ɗaya, Mabel kuma ta riga ta gano yadda ake cike shi. Gurbin har yanzu ɗaya ne. Duk Talata wasu biyu za su tsaya gaban teburin, a tambaye su waye mara lafiyar, namijin ya yi gyaran murya, macen ta karɓi biro.

Wasiƙar tana rataye a bango, sama da keken ɗinki, cikin firam ɗin da a da hoton bikin aurenta ke ciki. Masu kawo ɗinki kan ɗauka takardar shaidar koyon sana'a ce, sai sun matso su ga jan rubutun. Wata rana wata amarya da ake yi wa awo ta tambayi me ya sa mutum zai rataye takardar da aka ƙi shi. Nélida tana da allurai a baki, don haka Lucila ce ta amsa daga teburin da take aikin makaranta, ba tare da ta ɗago ba.

“Ta Mama ce. Sun duba, ba ita ba ce.”